Dodgers a tsakiyar kakar 2024: masu bugu sun wadata, wa zai yi jifa a Oktoba?

Baban Walid:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda an tafi hutun All-Star, wasan zaɓaɓɓun gwanaye na tsakiyar kaka, bari mu zauna mu auna ƙungiyar besbol ta Los Angeles Dodgers. Sun buga wasa 97, sun ci 56, an ci su 41. Su ne a saman rukunin Yamma na National League, ɗaya daga ɓangarori biyu na babbar gasar besbol ta Amurka, da tazarar wasa 7 tsakaninsu da Arizona da San Diego. Duk wanda teburi kaɗai ya duba zai ce lafiya lau. Ni dai hankalina bai kwanta ba. A makon ƙarshe kafin hutu sun je Filadelfiya, Phillies suka cinye su sau uku a jere, na farkon ma 10 da 1. Daga nan suka wuce Detroit, ranar Asabar suna gaba da 9 da 4 a zagaye na tara, wanda shi ne na ƙarshe a ƙa'ida, Tigers suka farke biyar ɗin nan, suka kuma ci wasan 11 da 9 a zagaye na goma. Washegari ma a zagayen ƙarshe aka ƙwace musu wasa. Tambayata ita ce: da waɗannan masu jifa, ƙungiyar nan za ta iya ɗaukar World Series, kofin zakaran gasar, a Oktoban bana? Ni na ce a'a, sai idan an sayo mutum kafin a rufe kasuwa ranar 30 ga Yuli.

Bakatsine:
Wa alaikumus salam. Baban Walid, mako ɗaya ka ɗauka ka yanke wa wata uku da rabi hukunci. Ka dubi abin da suke da shi a hannu mana. Shohei Ohtani ya tafi hutu da homron 29, wato bugun da ke tsallake shingen fili, ya saci tasha 23, wato ya ruga zuwa tasha ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba, matsakaicin bugunsa .316. Daren jiya ma a Arlington ya buga homron mai maki uku a wasan All-Star. Teoscar Hernández yana da 19, kuma shi ya lashe gasar homron ta shekaranjiya, wadda babu ɗan Dodgers da ya taɓa ci kafin shi. Will Smith ya buga uku a wasa ɗaya da Milwaukee a farkon watan nan. Freeman yana nan yadda aka san shi. Mutum shida aka zaɓa musu zuwa All-Star. Kuma duk wannan fa babu Mookie Betts tun 16 ga Yuni da ƙwallo ta karya masa hannun hagu, babu Max Muncy tun watan Mayu. Ƙungiyar da ta rasa waɗannan biyun kuma har yanzu tana gaba da wasa 7, ba ƙungiyar da za a yi wa jaje ba ce.

Baban Walid:
Ban musa maka ko ɗaya ba. Lissafa min masu jifan farko, wato masu buɗe wasa da jifa, da ke tsaye da ƙafafunsu yau.

Bakatsine:
Gavin Stone, James Paxton, da yaran da ake ɗaukowa daga ƙananan ƙungiyoyi. Glasnow zai dawo bayan hutu, ciwon baya ne kawai. Kershaw yana hanya.

Baban Walid:
To ka ga abin da nake nufi.

Ɗan Maraɗi:
Yayyena ku yi haƙuri da ni, bana na fara bin besbol saboda Ohtani. Abin da ban gane ba shi ne, idan ƙungiya ta fi kowa cin wasa a wasanni 162, me ya sa ake fargabar Oktoba haka? Ai mai ƙarfi mai ƙarfi ne. Kuma shi Ohtani ba an ce yana jifa ba? Me ya hana a ba shi ƙwallo?

Alhaji na Filadelfiya:
Ɗana, tambayarka ita ce gindin maganar. Ka ɗauka kamar bambancin lashe gasar lig ne da lashe kofin zakarun Turai. A wasanni 162 yawan mutane da zurfin aljihu ke aiki: yau wannan ya ji ciwo, gobe a ɗauko wani, kuma rabin ƙungiyoyin da kake karawa da su ba su kai ka ba. A Oktoba ƙungiya 12 ke shiga, shida daga kowane ɓangare. Biyun da suka fi cin wasa cikin zakarun rukuni a kowane ɓangare suna hutawa a matakin farko, sannan su shiga jerin wasa biyar, wanda ya fara cin uku ya wuce. Wasa uku kacal. Idan abokin karawarka yana da gwanayen jifa biyu da suka tashi da ƙafar dama a makon nan, aikin wata shida ya tafi.

Kuma ba labari nake ba ka ba, Dodgers ɗin nan ne abin ya fi ci. A 2022 sun ci wasa 111, San Diego ta fitar da su a jerin farko da suka buga, uku da ɗaya. A 2023 sun ci 100, Arizona mai nasara 84 ta share su uku babu ko ɗaya. Tun 2013 ba su taɓa rasa shiga Oktoba ba, amma kofi ɗaya suka ɗauka, na 2020, shekarar korona da aka taƙaita kakar zuwa wasa 60. Kafin shi sai ka koma 1988.

Batun Ohtani kuwa, an yi masa aiki a gwiwar hannun dama a Satumban bara, don haka bana bugu kawai yake yi. Jifa sai baɗi in Allah ya kai mu.

Bakatsine:
Alhaji, ranka ya daɗe, misalin 2023 ɗin nan ni yake goya wa baya. Maki nawa Dodgers suka ci a wasanni ukun? Biyu, biyu, biyu. Betts da Freeman sun tsaya bugu sau 21 a tsakaninsu, sau ɗaya tak aka samu bugun da ya kai mutum tasha. Wato bugu ne ya mutu. Shi ya sa aka kawo Ohtani da Teoscar. An gano ciwon, an sayi maganinsa.

Alhaji na Filadelfiya:
Rabin labarin ka faɗa, Malam. A wasan farko Kershaw mutum ɗaya ya fitar, aka ci shi maki shida, aka cire shi. A na biyu Bobby Miller bai gama zagaye na biyu ba. A na uku Lance Lynn ya sha homron huɗu a zagaye ɗaya. Su ukun a haɗe mutum 14 suka fitar, aka ci su maki 13. Mai bugun da ya shigo fili ya tarar ana bin su shida tun bai taɓa sanda ba, ba zai yi bugun da ya saba ba, zai riƙa neman ya rama komai da duka ɗaya. Lalacewar jifa ce ta jawo lalacewar bugu.

Ku zo ku ga namu. Phillies sun ci 62, an ci su 34, babu wanda ya kai su a duk gasar. Zack Wheeler, Aaron Nola, Ranger Suárez, Cristopher Sánchez. Mutum huɗu da za ka miƙa wa ƙwallo ka koma ka zauna. Dodgers su nuna min biyu.

Sani na Osaka:
Ina so in yi magana a kan Yamamoto, mai jifan da Dodgers suka ɗauko daga Japan, domin a nan Osaka ya yi wasa, a Orix Buffaloes, kuma mutanen garin nan suna bin labarinsa kamar ɗansu. Ku daina auna shi da wasansa na farko a Seoul da aka ci shi biyar a zagaye ɗaya. Mutumin nan ya karɓi kyautar Sawamura, ta gwanin masu jifa na Japan, shekara uku a jere daga 2021 zuwa 2023. Ranar 7 ga Yuni ya shiga filin Yankees ya yi zagaye bakwai ba a ci shi ko maki ɗaya ba. Wannan shi ne Yamamoton da aka biya dala miliyan 325 na shekara 12 dominsa. Abin da ya dame ni shi ne abin da ya biyo baya. A daren ya yi jifa fiye da 100, kuma da ƙarfin da ya wuce wanda ya saba. Wasan da ya biyo, da Kansas City, zagaye biyu ya yi ya fita, aka ce tsokar kafaɗa ce. A Japan mai jifan farko sau ɗaya yake fita a mako. A Amurka kwanakin hutun sun fi gajarta, tafiye-tafiyen sun fi nisa, ƙwallon ma ba iri ɗaya ba ce a hannu. Dodgers sun yi ƙoƙarin ba shi ƙarin hutu, amma jiki ba ya sauya tsarin da ya saba da shi cikin wata uku. Idan ya dawo a Satumba da lafiya, wallahi ba na tsoron Wheeler. Idan.

Maman Ihsan:
Sani, wannan "idan" ɗin naka ita ce ni ma ta tsaya min. Aikina gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ne, kuma abin da zan ce shi ne kafaɗa ta fi gwiwar hannu wuyar sha'ani. Jijiyar gwiwar hannu idan ta tsinke ana dasa wata, aikin da ake kira da sunan Tommy John, kuma an san hanyar warkewarsa, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kafaɗa kuwa tsokoki huɗu ne ke riƙe da ita, suna aiki tare, kuma mutum zai iya daina jin zafi amma ƙarfin jifa da saitinsa ba su dawo ba. Yamamoto kafaɗa. Kershaw aikin kafaɗa aka yi masa a Nuwamba, yana da shekara 36. Miller kumburin kafaɗa ya kwantar da shi tun Afrilu, ya dawo ba shi ba, har aka ci shi tara a Filadelfiya aka mayar da shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Oklahoma City.

Sauran kuma ku ƙirga: Walker Buehler ya dawo daga aikin Tommy John na biyu, bai samu kansa ba, yanzu ƙugu ya kwantar da shi. Emmet Sheehan an yi masa nasa a Mayu. Tony Gonsolin tun bara. Dustin May da ake jira, sai ga labarin an yi masa aiki a maƙoshi, ya fita bana gaba ɗaya. Abin tausayi ne, waɗannan samari ne da iyalansu, kuma hannun nan shi ne abincinsu.

Glasnow da Bakatsine ya ce baya ne kawai, ku tuna a duk rayuwarsa ta wasa bai taɓa wuce zagaye 120 a kaka ɗaya ba, kuma bana ya riga ya haura 100 tun kafin hutu. Duk abin da zai jefa daga Agusta zuwa gaba, jikinsa bai taɓa zuwa wurin ba.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, to me ke kawo wannan yawan rauni haka? Ko horon ƙungiyar ne ba daidai ba?

Maman Ihsan:
Ba su kaɗai ba ne, ƙanena. Atlanta ta rasa Spencer Strider tun Afrilu, Cleveland ta rasa Shane Bieber. Ƙungiyar 'yan wasa ta ɗora laifi a kan agogon jifa da aka kawo a 2023, wanda bana aka rage shi daga daƙiƙa 20 zuwa 18 idan akwai mutum a tasha. Hukumar gasar ta ce ba haka ba ne. Ni a ganina babban dalilin shi ne yadda ake so kowane jifa ya fita da iyakar ƙarfi da iyakar murɗawa, tun yaro yana makarantar sakandare. Amma gaskiya Dodgers suna da nasu kason: suna son ɗaukar mai jifa mai kaifi ko da an san yana da tarihin rauni, suna fatan ya tsaya daidai lokacin da ake buƙata. Wani lokaci dabarar tana biya, bana ga inda ta kai su.

Bakatsine:
Na yarda da Hajiya a kan raunin, amma ku lura da abu ɗaya. A Oktoba ba a buƙatar masu jifan farko biyar. Akwai ranakun hutu tsakanin wasanni, uku sun isa, na huɗu a haɗa da masu jifan agaji, waɗanda ke karɓar mai jifan farko idan ya fita. Cikin Glasnow, Yamamoto, Stone, Kershaw, Buehler da Miller, a ce ba za a samu uku masu lafiya ba? Stone fa ya yi wasa cikakke, zagaye tara shi kaɗai, ba a ci shi ba, a kan White Sox a ƙarshen Yuni. Yaron nan ya girma. Kuma Texas da ta ɗauki kofin bara ta rasa Jacob deGrom tun farkon kaka, Scherzer ma rabi da rabi ya yi musu. Nathan Eovaldi da Jordan Montgomery ne suka ɗauke su, sai bugu.

Baban Walid:
Madalla da ka kawo Montgomery. Daga ina Texas ta samo shi? Sayo shi ta yi daga St. Louis ana gab da rufe kasuwa. Maganata ke nan tun farko. Kuma White Sox da Stone ya yi wa haka, ita ce ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a gasar bana. Ina son yaron, amma ban shirya ba shi wasa na biyu a gaban Bryce Harper da Kyle Schwarber na Phillies ba.

Sannan su masu jifan agajin da kake dogaro da su, su ne fa suka zubar da wasannin Detroit. Ba don ba su iya ba, gajiya ce. Duk ranar da mai jifan farko ya fita a zagaye na huɗu, su ne za su ɗauki biyar. Mai rufe musu wasa, Evan Phillips, na farkon kaka da na yanzu ba ɗaya ba ne.

Garba Mai Shayi:
Ni duk ba wannan ba. Matsalar Dodgers kocinsu Dave Roberts ne. Tun 2016 yake riƙe da ƙungiyar da ta fi kowa kayan aiki, kofi ɗaya. Ku tuna 2019, wasa na biyar da Washington, bayan sun ci 106 a kaka. Ya bar Kershaw ya koma zagaye na takwas, Rendon da Soto suka buga masa homron biyu a jere. Ya bar Joe Kelly ya ƙara zagaye, Howie Kendrick ya buga mai maki huɗu. Mu nan ƙarfe uku na dare muke tashi mu kalli wasan gida na Los Angeles, mutum ya hana idonsa barci wata shida sannan koci ya zubar da komai a dare ɗaya. Ko wa aka sayo masa, haka za a ƙare.

Alhaji na Filadelfiya:
Garba, ni ba masoyin Dodgers ba ne, amma a yi adalci. Daren 2019 laifinsa ne, babu musu. Amma 2017 fa? Sun kai wasa na bakwai da Houston, daga baya hukumar gasar da kanta ta tabbatar Houston ta yi amfani da kyamara tana satar alamun jifa a kakar. Bara kuma wane koci ne zai ci wasa da mutum 14 daga masu jifan farko uku? Kuma ka dubi bana. Kakar ta buɗe da badaƙalar tafintan Ohtani, Ippei Mizuhara, wanda ya amsa a kotu cewa ya sace masa kusan dala miliyan 17 saboda caca. Irin wannan abu yana iya watsa ɗakin 'yan wasa. Bai watsa ba. Betts da ya yi suna a bayan fili aka ce ya koma tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku, wuri mafi wuya a cikin fili, saboda jifan Gavin Lux ya ƙi saituwa, ya karɓa ba gardama. Riƙe manyan mutane irin waɗannan su yi abin da aka ce, shi ma aiki ne. In akwai wanda za a tuhuma a kan rashin masu jifa, Andrew Friedman ne, shi ke saye da sayarwa.

Garba Mai Shayi:
Allah ya ja kwana, na ji, amma ban sauka ba. Oktoba za ta raba mu.

Sani na Osaka:
Akwai kuma abin da ba a taɓo ba: ƙasan jerin masu bugu. Daga na ɗaya zuwa na biyar babu kamarsu. Daga na shida zuwa na tara fa? Chris Taylor ya sha wuya bana, Lux bai dawo daidai ba tun raunin gwiwarsa, Kiké Hernández haka, Andy Pages sabon shiga ne, yau ya burge gobe ya bi ƙwallon da ta yi waje. Miguel Rojas ne ma ya rufa asiri tun da Betts ya karye. Gwanin mai jifa zai lallaɓa ya wuce Ohtani da Freeman, ya huta a kan sauran. Dawowar Muncy da Betts za ta tura kowa ƙasa da mataki biyu, jerin ya yi tsawo. Kuma ni da za a bi tawa, ko Betts ya dawo a bar Ohtani a na ɗaya, tunda aka mayar da shi can ya ƙara wuta, a kuma mayar da Betts bayan fili ya huta da wahalar.

Ɗan Maraɗi:
To ai suna da kuɗi. Wanda ya ba mutum ɗaya dala miliyan 700, me zai hana shi sayo mai jifa?

Bakatsine:
Miliyan 700 ɗin ma ba yanzu ake biya ba. Ohtani miliyan 2 yake karɓa a shekara, sauran 680 sai bayan kwantiragin shekara goman ya ƙare, shi ya nemi haka don a samu sararin ɗauko wasu. Amma a Yuli ba da kuɗi ake saye ba, da matasan 'yan wasa ake musaya. Kuma tunda ƙungiya shida ke shiga daga kowane ɓangare, da yawa suna ganin suna da rabo, masu sayarwa kaɗan ne, kaya ya yi tsada. Garrett Crochet na White Sox da Tarik Skubal na Detroit kowannensu yana da sauran shekara biyu bayan bana, don haka za a nemi rabin gonar matasanka. Shi ya sa nake cewa a yi haƙuri da na gida.

Baban Walid:
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Malam. Freeman zai cika 35 a Satumba, Betts ya haura 30, Ohtani ya cika 30 a watan nan, Teoscar kwantiragin shekara ɗaya gare shi. Matasan da ake ɓoyewa, don wace shekara ake ɓoye su? Dalton Rushing mai tsaron bayan mai bugu ne, kuma an riga an ba Will Smith shekara goma a wannan gurbin. Ina zai buga? A ba da shi a karɓo hannu.

Maman Ihsan:
In dai za a bayar, kada a bayar don Crochet. Yaron gwani ne, amma bana ne farkon zamansa mai jifan farko, shi ma ya sha aikin Tommy John a 2022, bai taɓa kai zagaye 60 a kaka ɗaya ba a babbar gasar, yanzu ya wuce 100. Sayo shi ƙara wa ɗakin jinya gado ne. Skubal kuwa ban ga dalilin da Detroit za ta sake shi ba. Ni Jack Flaherty nake kallo. Kwantiraginsa da Detroit na shekara ɗaya ne, don haka farashinsa ba zai kai na waɗancan ba, ɗan yankin Los Angeles ne, ya taɓa jifa a Oktoba da St. Louis, kuma bana ya dawo da kaifinsa. Sai dai shi ma bayansa ya dame shi kwanan nan har ya tsallake wasa, don haka likitocinsu su duba shi da kyau kafin a sa hannu.

Alhaji na Filadelfiya:
Da Flaherty, da Glasnow mai lafiya, da Yamamoton da Sani ya ba mu labari, zan ce muna kunnen doki da su, kuma zan ji tsoron jerin wasa bakwai. Babu biyu daga cikin ukun nan, Phillies za su wuce su, kuma ko San Diego ko Arizona suka samu a jerin wasa biyar ba su tsira ba. Can ɗaya ɓangaren ma, American League, Baltimore da Cleveland da Yankees na Judge da Soto suna jira.

Bakatsine:
Ni har yanzu ina kan cewa ko ba a sayo kowa ba su ne na biyu a National League, kuma na biyu yana ɗaukar kofi. Amma Rushing a kan Flaherty na wata uku, wannan ban yarda ba, ya yi yawa. A nemi wani matashin a ƙasa da shi.

Baban Walid:
Idan Detroit ta yarda da ƙasa da shi, falillahil hamdu. Idan ta ƙi, ni zan bayar. Ranar Juma'a za su dawo fili da Boston a gida, kuma kwana 13 ya rage a rufe kasuwa. Sani, in ka ji wani abu a jaridun Japan a kan ranar da Yamamoto zai fara jifa daga kan tudun da mai jifa ke tsayawa, ka sanar da mu.

Sani na Osaka:
In sha Allah, Yaya. Da zarar sun buga zan kawo muku.